Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Jigawa: Ciwon Sanyi da Ƙwayar da Awonmu Ba Ya Gani

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya,
Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa,
Dutse.



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wata lalura da kunya ta hana a kawo maka kukanta ofis. Ba ta cikin cututtukan da ake turo maka lissafinsu duk mako, irin su kwalara da ƙyanda da sanƙarau, kuma ba ta kayar da mutum nan take. Amma da wuya ka zaga unguwa a Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar ka rasa gidan da ake shan maganinta. Ina nufin abin da jama'a ke kira sanyi, matasa kuma suke cewa infakshan. Buƙatata guda ce: a karɓe wannan lalura daga hannun 'yan talla a mayar da ita asibiti, inda awo zai riga magani, kuma inda za a ga miji tare da matarsa.

Aikina awon fitsari da jini ne, kuma a ƙasar Gumel na tashi. Bari in nuna maka yadda abin yake daga inda nake zaune. Mace ta zo da kukan zafin fitsari da ciwon mara, likita ya rubuta mata awo. Mu karɓi fitsarin, mu juya shi a na'ura, mu ɗiga a kan gilashi, mu leƙa ta madubin awo. Sau da yawa sai mu ga ƙwayoyin mugunya birjik, alamar cewa jiki na yaƙi da wani abu. Daga nan mu shafa fitsarin a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, mu ajiye a ɗumi kwana ɗaya zuwa biyu. A buɗe, faranti fes, babu abin da ya tsiro. Haka za mu rubuta mu miƙa mata. Ita kuwa ga leda a hannunta cike da ɓawon magungunan da ta riga ta shanye, ga zafin nan daram. Takarda ta ce ƙalau take, jikinta ya ce ba haka ba. To ina za ta nufa? Sai wurin mai lasifika, wanda bai taɓa ce wa kowa babu komai ba.

Farantin nan yakan fito fes saboda dalilai da dama. Wani lokaci maganin da ta sha kafin ta zo ne ya danne ƙwayar. Wani lokaci tsakuwar ƙoda ce, ko tsargiya, ko tarin fuka da ya sauka ƙoda. Wani lokaci kuma ƙwayar tana nan, irin wadda ba ta tsirowa a farantinmu ce. Daga cikin irin waɗannan akwai kalamidiya, akwai kuma wadda nake so in ɗan daɗe a kanta, wato yuriyafilazma, domin ita ce ta fi fito da aibin ba da magani bisa cinta.

Wani masani ɗan Amurka mai suna Maurice Shepard ne ya fara gano ta a 1954, a jikin maza masu zubar ruwa ta gaba waɗanda aka duba ba a sami gonoriya ba. A 1974 aka raɗa mata suna, a 2002 kuma masana suka raba ta gida biyu, Ureaplasma urealyticum da Ureaplasma parvum. Tana cikin mafi ƙanƙantar ƙwayoyin cutar da aka sani. Abincinta sinadarin yuriya ne da ke cikin fitsari, tana fasa shi ta fitar da amoniya, wato abin nan da ke sa tsohon fitsari zarni. Da wannan hali nata ake kama ta: a zuba samfur a wani ruwan awo na musamman, in tana ciki sai ruwan ya rikiɗe daga rawaya ya koma ja. In ba haka ba, sai da awon PCR, irin wanda kowa ya ji sunansa a lokacin korona. Rinin da muke rina ƙwayoyin cuta da shi don mu gan su a madubi ba ya kama ta.

Dalilin da ya sa rini ba ya kama ta shi ne kuma dalilin da ya sa magungunan da aka fi sha ba sa taɓa ta. Yawancin ƙwayoyin cuta suna da katanga da ta kewaye jikinsu, fenisilin da danginsa kuwa aikinsu rushe wannan katanga ne. Yuriyafilazma ba ta da katanga tun asali, to me za su rushe? Saboda haka Ampiclox da amoksisilin da Augmentin, har da allurar seftiriyakzon da ake ganin ta fi kowane magani ƙarfi, duk ba sa yi mata komai. Septrin ma haka, domin yana toshe wata hanya ce ta haɗa sinadarin folet, ita kuwa ba ta bin wannan hanyar. Flagyl shi ma ba nata ba ne. Ranka ya daɗe, ka sake duba sunayen nan. Su ne ake ƙulla wa mutum a leda a kemis in ya ce yana da sanyi, na kwana biyu ko uku, gwargwadon abin da ke aljihunsa.

Abin da ke kama ta sananne ne kuma ba shi da tsada: doksisaikilin sau biyu a rana har kwana 7, ko azitiromaisin, ko wasu daga dangin lebofuloksasin, bisa zaɓin likita. Mai juna biyu ba a ba ta doksisaikilin. An kuma riga an sami nau'o'inta da suka daina jin dangin tetirasaikilin a ƙasashe da dama, kuma shan magani rabi-rabi na cikin abin da ke haifar da hakan. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, babu yankin da abin ya fi shafa kamar Afirka ta Yamma. Duk ledar kwana biyun nan tana ƙara wa wannan wuta itace.

Illar yuriyafilazma fa? A maza tana cikin masu kawo kumburin hanyar fitsari, da zafi da ɗigar ruwa, musamman nau'in Ureaplasma urealyticum idan ya yi yawa. Amoniyar da take fitarwa na iya taimaka wa taruwar tsakuwa. Amma inda ta fi ba ni tsoro wajen masu ciki ne. Takan haura daga farji ta shiga fatar da ke lulluɓe da ɗan tayi da ruwan da yake kwance a ciki, kuma a haihuwar bakwaini da ta zo da kumburin wannan fata, tana sahun gaba cikin ƙwayoyin da ake samu. Faya ta fashe kafin lokaci, jariri ya faɗo da huhun da bai nuna ba, ƙwayar ta bi shi, ta dame shi a numfashi, wani lokaci har ta kai ga ruwan ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya san yawan mata da jariran da ake kwasa zuwa Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa tun 2008, ba zai raina duk wani abu da ke jawo naƙuda kafin lokacinta ba.

Yanzu kuma ga ɗaya gefen maganar, kuma ina roƙon ka ba shi nauyi daidai da na farko. Samun yuriyafilazma a jikin mutum ba ya nufin ba shi da lafiya. Littattafan likitanci sun nuna cewa ana samun ta a jikin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na matan da suka san namiji, mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, suna haihuwa lami lafiya, ba su ma san da zamanta ba. Maza da yawa ma haka. Batun ko tana hana haihuwa, masana ba su tsayar da magana ɗaya ba har yau, saɓanin gonoriya da kalamidiya waɗanda babu musu cewa suna toshe hanyar ƙwan mace. Wannan ne ya sa a 2018 kwamitin da ke tsara wa ƙasashen Turai ƙa'idojin cututtukan saduwa ya ba da shawarar kada a riƙa yi wa wanda ba ya jin komai awonta, domin abin da hakan ke haifarwa shi ne tashin hankali da kashe kuɗi da shan maganin da ba a buƙata.

Na kawo wannan ne don abin da na hango. Ɗakunan awo na kuɗi suna ƙaruwa, kuma akwai awon da ke jero sunayen ƙwayoyi da yawa a takarda guda. Ka ƙaddara magidanci ya karɓi irin wannan takarda, ya ga wani dogon suna da alamar akwai a gaban sunan matarsa, ya tambayi wanda ba shi da sani, aka ce masa ai cutar saduwa ce. Me kake jin zai faru a gidan nan da daddare? Alhali ƙwayar na iya zama a jiki shekara da shekaru shiru. Tana iya yiwuwa daga wurinsa ta zo, ko daga auren da ɗayansu ya yi a baya. Takardar ba ta faɗin wanda ya kawo ta ko yaushe ta zo, ba hujja ba ce a kan mutuncin kowa. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma tunanin faɗaɗa irin wannan gwaji yana yawo a Arewa. Duk ranar da aka zauna a Dutse don tsara jerin abin da za a riƙa aunawa, ina roƙon kada yuriyafilazma ta shiga ciki. Za ta rushe baikon 'yan mata masu lafiya, ba tare da ta kare kowa daga komai ba.

Ka ga ke nan matsalar gaba da baya ce. Ga mai ciwo na gaske da ba a gano abin da ke damunta ba, ga kuma mai lafiya da ake ɗura wa magani. Cikin rukuni na biyu har da 'yan mata da matan aure da ke ganin farin ruwan da Allah ya halitta a jikin kowace mace, marar wari marar ƙaiƙayi, wanda ke ƙaruwa a tsakiyar wata da lokacin goyon ciki, sai a ce musu sanyi ne. Su shiga wanke ciki da sabulu, su shiga matsi iri-iri, su kashe ƙwayoyi masu amfani da ke tsaron wurin, sannan ciwon gaske ya sami ƙofa. Akwai kuma zancen nan da ya zauna daram cewa a masai ake ɗaukar sanyi. Na fahimci abin da ya sa ake son sa: yana rufa wa kowa asiri. Amma gonoriya da kalamidiya da tirikomonas ta shimfiɗa ake ɗaukar su, kuma muddin aka ɗora wa masai laifi, babu wanda zai ce maigida ya zo a duba shi.

Nan ne gizo ke saƙa. A sahun masu jiran awo, mata ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta yi ta dawowa da ciwo iri ɗaya, kowane zuwa a ba ta magani ta shanye tsaf, ta sami sauƙi, bayan 'yan makonni ta dawo. Da aka zauna da ita a natse, sai ta ce su uku ne a wurin mijinsu, kuma kowacce a ɓoye take neman nata maganin, don kada abokiyar zama ta ji ta yi mata gori. Maigidan bai taɓa shan ko ƙwaya ɗaya ba, domin shi ba ya jin komai, rabon kwana kuwa yana tafiya yadda aka saba. Wanne magani ne zai yi aiki a irin wannan gida? In an tabbatar ciwon na saduwa ne, ƙa'ida ita ce a yi wa miji da duk matansa magani lokaci guda, a kuma dakata da shimfiɗa har kwana 7 ko har maganin ya ƙare. Mace ba za ta iya faɗa wa mijinta wannan ba, balle ta faɗa wa kishiyarta. Sai dai asibiti ya ɗauke mata nauyin: ƙaramar takardar gayyata mai hatimi, wadda ba ta ambaci sunan cuta ba, ta ce likita na son ganin maigida kan lafiyar iyali, sannan a sami ma'aikaci namiji da zai zauna da shi su yi magana ta mutunci. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko sabon gini.

Ina roƙon a fara wannan aiki da ƙasar Gumel. Me ya sa? Saboda Maigatari. Duk ranar Alhamis garin nan yakan cika ya batse: shanu da raƙuma da tumaki da dawaki daga Dungas da Magarya da Damagaram, fatake daga Kano da kudancin ƙasar nan, direbobin tirela da yaran mota da 'yan kamasho. Da Gwamnatin Tarayya ta tashi buɗe iyakoki a Disambar 2020, bayan rufewar da aka yi tun Agustan 2019, huɗu ta fara buɗewa: Seme da Illela da Mfum da Maigatari. Ga kuma yankin ciniki maras shinge da aka kafa tun shekarar 2000, wanda kowa ke fatan ya tsaya da ƙafafunsa. In Allah ya cika wannan buri, ma'aikata da baƙi za su ƙaru, maza da yawa za su riƙa yin makonni nesa da iyalansu. Ba zargin kowa nake yi ba. Ko'ina a duniya, garin da ke kan iyaka kuma matattarar manyan motoci yana buƙatar kulawa ta daban a wannan fanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an sami sababbin kamuwa miliyan 374 na cututtukan saduwa huɗu da ake warkewa, wato kalamidiya da gonoriya da tunjere da tirikomonas. Mu ma a cikin duniyar muke.

A yanzu, wanda ke karɓar waɗannan mutane ranar kasuwa shi ne mai mota da lasifika a kan rufi, da jarkoki jere a bayan but, yana lissafa alamomi ɗaya bayan ɗaya har sai kowa a wurin ya ji an taɓo nasa. Gefensa ga mai tire da kafso kala-kala a cikin rana tsaka. Ba na raina maganin gargajiya, kuma na san masu kemis da yawa mutanen kirki ne da ke tsaye wa ƙauyukan da ba su da ko malamin asibiti. Amma babu ɗayansu da ke da abin da zai bambance gonoriya da tsargiya. Inda suka fi asibiti shi ne su ba sa tambayar suna, ba sa sa mutum layi a gaban surukansa, kuma suna nan a lokacin da ake buƙatarsu. In asibiti na son ya karɓe musu ciniki, sai ya koyi waɗannan ukun. A ware ɗaki a asibitin Maigatari da zai kasance a buɗe daga yammacin Laraba zuwa daren Alhamis, ba tare da allon da zai tona asirin mai shiga ba, namiji ya ga namiji, mace ta ga mace, da wanda ke jin Fulatanci da Barbarci a kusa. Kuma tun da an saba haɗa kai da jami'an lafiyar Nijar wajen rigakafin shan inna a bakin iyaka, ba sabon abu ba ne a zauna da su a kan wannan ma, domin mai ciwon da maganin duk suna ƙetare iyakar nan ta kowane ɓangare.

Game da awo, ba na cewa a sayo na'urar yuriyafilazma a kai kowace ƙaramar hukuma. Hakan ɓarnar kuɗi ne. A fara da manyan masu laifi. Na'urar GeneXpert da ake awon tarin fuka da ita a faɗin ƙasar nan tana da harsashin awon gonoriya da kalamidiya, wanda ke ba da sakamako cikin kamar minti 90, akwai kuma na tirikomonas. A wadata Babban Asibitin Gumel da waɗannan, ya zama cibiyar ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel. Wanda aka duba ba a sami ko ɗaya ba, aka yi masa magani bisa ƙa'ida amma ciwo ya ƙi tafiya, ko macen da ke ta haihuwar bakwaini ba a san dalili ba, su ne za a ɗauki samfurinsu a tura inda za a nemi yuriyafilazma da 'yan uwanta. A yi yarjejeniya da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse ko na Malam Aminu Kano don a tanadi wannan awo, samfurin kuma ya bi hanyar da majinar masu tarin fuka ke bi. Sai hukumar inshorar lafiya ta jiha, JICHMA, ta sa awon cikin abin da take biya, musamman ga masu juna biyu, domin in kuɗin awo ya ninka na jarka, jarka za a saya.

Masu kemis kuwa a jawo su jiki. A tara su a Gumel tare da hukumar da ke ba su lasisi, a koya musu abubuwa kaɗan da za su riƙe: mai ciki da ta zo da zubar ruwa ko ciwon mara a tura ta asibiti a ranar, kada a yanka maganin kwana 7 a sayar da na kwana 2, kuma fitsarin jini ba na Ampiclox ba ne. Tallan maganin sanyi a rediyo da kasuwa, doka ta riga ta ce sai da amincewar NAFDAC, saura a tambayi mai talla takardarsa. A kuma ba likita mace da likita namiji fili a Rediyo Jigawa su amsa tambayoyin da ake turowa ba suna. In aka kai wa Mai Martaba Sarkin Gumel wannan magana, hakimai da limamai za su ji ta, kuma liman ne kaɗai zai iya tsayawa a gaban magidanta ya ce musu raka iyali asibiti na cikin haƙƙin aure, su saurara.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne rajista. A umarci asibitocin ƙananan hukumomin nan huɗu su riƙa rubuta, ba tare da suna ba, mutum nawa suka zo da kukan sanyi, me awo ya nuna, wane magani suka sha kafin su zo, da ko abokin zama ya zo. Bayan shekara guda za ka sami lissafin da za ka ajiye a gaban Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi da Majalisar Dokoki lokacin kasafin kuɗi, kuma da shi za a san ko tsarin ya cancanci a kai shi Haɗeja da Kazaure da Ringim.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin awo,
daga Masarautar Gumel.